Yadda Ƙididdigar Lalacewar Injuna Ke Rage Wa Kamfanoni Hasara

Duk kamfanin da ya mallaki tarin motocin dakon kaya, jiragen sama ko janareto yana fuskantar tambaya guda: shin a ci gaba da gyaran inji, ko kuwa lokacin sauya shi ya yi? Masana ilmin ƙididdiga sun samar da hanyar amsa wannan tambaya daga tarihin lalacewar injunan baki ɗaya.

Masanan sun bambanta kayan da ake jefarwa da zarar sun mutu, kamar ƙwan fitila, da waɗanda ake gyarawa su koma aiki, kamar mota. Motar da aka gyara ba ta koma sabuwa ba. Saboda haka dogaro da matsakaicin lokacin da ke tsakanin lalacewa da lalacewa yana iya yaudarar mai kamfani, domin ba ya nuna ko tazarar tana raguwa ne ko ƙaruwa.

A shekarar 1964 wani injiniyan kamfanin General Electric, J. T. Duane, ya lura cewa jimillar lalacewar inji tana bin wani tsari na lissafi gwargwadon sa'o'in aikinsa. A 1974 Larry Crow, wanda ke aiki da rundunar sojan Amurka, ya ɗora wannan bisa ƙa'idar ƙididdiga. Jigon tsarin wani adadi ne da ake kira beta. Idan beta ya kai ɗaya daidai, lalacewa ba ta da alaƙa da tsufa. Idan ya gaza ɗaya, inji yana inganta. Idan ya haura ɗaya, tsufa ya kama shi. Alal misali, idan beta biyu ne, motar da ta ninka tafiyarta za ta ninka jimillar lalacewarta sau huɗu.

Wani rahoto da Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka a 1978 ya nuna cewa kashi 11 cikin ɗari ne kawai na sassan jirgin sama ke amfana da ƙayyade musu wa'adin aiki. Kashi 68 cikin ɗari kuwa sun fi lalacewa a farkon aikinsu. Ma'anar wannan ita ce, kwance inji mai lafiya don kawai wa'adi ya cika yana iya jawo matsalar da babu ita.

Abin da tsarin ke bukata shi ne littafin gyara mai cikakken bayani: ranar lalacewa, kilomitar da mota ta ci, da sashen da aka sauya. Wajibi ne a haɗa har da motocin da ba su taɓa lalacewa ba, in ba haka ba sakamakon zai zarce gaskiya. Da waɗannan alƙaluma ne kamfani zai iya tsara kasafin kuɗin gyara, ya san yawan kayan gyaran da zai ajiye, ya kuma sayar da mota kafin ta fara cin ribarta.