Hutu a Ƙasashe Huɗu: Yadda Ake Zaɓen Hanya da Abin Hawa

Yawon buɗe ido ya fara shiga jikin mutanenmu. A da, Bahaushe ba ya ƙetare iyaka sai don fatauci, neman ilimi ko aikin hajji, amma yanzu za ka ga magidanci ya tara 'yan kuɗinsa don ya kai iyalinsa su ga Kwatano da Lome da Akara a lokacin hutun makaranta. Akasarin masu wannan shiri sun fi mai da hankali kan garuruwan da za su gani da otal ɗin da za su sauka. Abin da ke tsakanin garuruwan, wato hanya da abin hawa da bakin iyaka, shi ake bari sai ranar tafiya, alhali kuwa nan ne hutu ke gyaruwa ko ya lalace.

Mu ɗauki mutumin Kano da ke son zuwa Kumasi ya biya ta wasu birane. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Akwai ta arewa, wadda ke bi ta Maraɗi, Yamai da Wagadugu, ta shiga Gana ta Paga, ta gangara Tamale har Kumasi. Ita ce ta fi kusa da zuciyar Bahaushe, domin ta nan ɓangaren ne fatake suka riƙa ratsawa zuwa Gwanja da kasuwar Salaga neman goro. Sai dai yankin Tillaberi na Nijar da gabashin Burkina Faso sun daɗe suna fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma ba wurin bi da iyali ba ne don shaƙatawa. Wanda kuma ya ce zai sauka daga Yamai zuwa Kwatano ta Gaya, ya tuna cewa an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har mutane suka koma tsallake kogin Kwara da kwalekwale. Taswira ba ta nuna irin waɗannan abubuwa, sai an tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon da za a tashi.

Hanya ta biyu ita ce ta gaɓar teku, wadda mutumin Kano zai kama bayan ya sauka Legas. Daga Legas zuwa Kwatano kimanin kilomita 120 ne, daga Kwatano zuwa Lome kimanin 150, daga Lome zuwa Akara kusan 190, sannan daga Akara zuwa Kumasi kimanin 250. Birane ne a jere, kowanne bai wuce tafiyar yini ɗaya daga ɗan'uwansa ba. Wannan jeruwar ita ce ya kamata mai tsara hutu ya nema: hanyar da ke tafiya gaba ɗaya ba tare da komawa baya ba. Duk garin da ka ratsa sau biyu, ka biya kuɗin mota sau biyu, ka kuma tsaya a iyaka sau biyu.

Amma kada gajartar kilomita ta ruɗe ka. Tsakanin Legas da Akara akwai iyakoki uku: Seme tsakanin Najeriya da Benin, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo wadda ke manne da birnin Lome. A kowace iyaka sai an buga maka hatimin fita a wannan ɓangare, a buga na shiga a wancan. Ga kuma shingayen bincike da ke kan hanyar Badagiri. Saboda haka a wannan hanya da yawan iyakoki ake lissafin lokaci. Mai hankali ba ya haɗa iyaka biyu a yini guda idan da yara a tare da shi, kuma yana ƙoƙarin isa boda da hantsi, lokacin da ido ke ganin ido.

Batun abin hawa kuwa, ba dole ba ne a ɗauki iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Kano zuwa Legas ta mota ya kai kilomita dubu, tafiyar da ke cin yini da dare, alhali jirgin sama yana yin ta cikin awa ɗaya da rabi. Wanda hutunsa kwana goma ne, gara ya sayi tikitin jirgi a nan ya tsira da kwana biyu da ƙarfin jikinsa. Daga Legas zuwa gaba kuma mota ta fi, domin tikitin jirgi tsakanin waɗannan birane na kusa yana da tsada ƙwarai idan aka kwatanta da gajartar tafiyar.

Motocin ma kashi-kashi ne. Manyan bas na kamfanoni irin su ABC Transport suna tashi daga Legas kai tsaye zuwa Akara, kuma ma'aikatansu kan taimaka wajen buga fasfo. Sun dace da wanda Akara kawai ya nufa, amma sai an gama da fasinja na ƙarshe kafin a bar iyaka. Wanda zai kwana a Kwatano da Lome, ƙananan motocin tasha sun fi masa: ya sauka a boda, ya ƙetare da ƙafa, ya shiga wata a ɗaya ɓangaren. Iyali mai mutum huɗu ko biyar, shatar mota ta fi musu kwanciyar hankali. A cikin Gana akwai bas na STC da VIP tsakanin Akara da Kumasi. Mai son tafiya da motar kansa kuma sai ya tanadi inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar izinin shiga da mota daga kwastan na kowace ƙasa. Komawa gida fa? Maimakon sake bin iyakoki ukun nan, a hau jirgi daga Akara. Tikitin zai yi nauyi, amma idan aka cire kuɗin mota da na otal da na abincin kwana biyu, bambancin yana raguwa.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan bai ɗauke wa kowa riƙe fasfo mai sauran wa'adi ba, da katin rigakafin shawara, wanda rashinsa kan jawo wa matafiya tsaiko. 'Yan Nijar kuma su lura cewa ƙasarsu, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka su tabbatar da matsayin takardunsu kafin su tashi. A guji masu cewa za su tsallakar da mutum ta ɓarauniyar hanya, domin wanda ya shiga ƙasa ba hatimi, a wurin fita zai yi bayani.

Kuɗi uku za a taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. A canza kaɗan a wurin 'yan canjin boda, sauran a bari sai cikin gari. Agogo ma yana sauyawa, domin Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin da awa ɗaya, abin da ya shafi lokacin tashin bas da na jirgi. Daminar gaɓar teku ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, hazon hunturu kan jinkirta jirage a Kano, a watan Disamba kuma farashin masauki a Akara yana tashi saboda baƙi.

Bahaushe yana da wani gata a wannan hanya, domin akwai zango a Kwatano da Lome da Kumasi, ga Nima da Sabon Zango a Akara, inda zai sami masallaci, abincin da ya saba da shi, da wanda zai gaya masa tashar da ta dace. Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya kuɗin otal ko ɗaya, a zauna da takarda a jera garuruwan, a ƙirga iyakokin, a ware wa kowane birni aƙalla kwana biyu, a bar kwana ɗaya rara saboda abin da ka iya tasowa. Idan kwanakin ba su isa ba, a rage gari ɗaya daga cikin jerin.