Idan Jijiyar Zuciya Ta Huje Ana Cikin Yashe Ta

Manoman yankin Dakko da Bakura da Talata Mafara sun san halin magudanun ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori: da zarar laka ta toshe guda, gonar da take shayarwa ta kama hanyar bushewa. Ita ma zuciya tana da irin waɗannan magudanu, wato jijiyoyin da ke kai wa namanta jini, masu faɗin milimita 3 zuwa 4. Kitse yakan taru a bangonsu har ya tsuke hanya.

A shekarar 1977 wani likita Bajamushe, Andreas Gruentzig, ya buɗe irin wannan jijiya a birnin Zurik ba tare da tsaga ƙirji ba. A yau akan zura siririyar mesa, wadda ake kira kateta, ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuwa zuciya. Ta cikinta ake tura waya mai ɗauke da ɗan balan-balan, a hura shi a wurin da ya tsuke, sa'annan a bar ragar ƙarfe ta tokare bangon.

Sai dai wani lokaci bakin wayar yakan huda bangon, ko balan-balan ya yage shi, musamman ga tsofaffi da waɗanda jijiyarsu ta ƙandare ko ta daɗe a toshe. Abin ba ya kai mutum ɗaya cikin ɗari, amma idan ya auku, kowane minti abin lissafi ne.

Abin lura a nan shi ne, ba yawan jinin da ya zuba ne ke kisa ba, wurin da ya zuba ne. Zuciya tana zaune cikin wata jakar tantani mai tauri, wadda ruwan cikinta bai wuce mililita 50 ba. Idan ruwa na taruwa sannu a hankali, jakar takan saki ta ɗauki fiye da lita guda. Amma in jini ya kwararo farat ɗaya, cikin kofin shayi ya isa ya matse zuciya ta kasa buɗewa ta cika. Zuciyar da ba ta cika ba kuwa, me za ta harba? Nan take ƙarfin jini ya faɗi. Ga shi kuma an riga an ba majinyaci hefarin, maganin hana daskarewar jini, saboda haka hujin ba ya saurin toshe kansa.

Likita yakan gane ɓarakar idan rinin da ake bi da shi a hoto ya tsiyaye waje da jijiya. Dabarar farko tana hannunsa: ya mai da balan-balan bakin hujin ya hura shi na wasu mintoci. Idan jini ya taru a jaka, sai a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a zuƙe shi. Babban huji akan like shi da ragar ƙarfe mai riga. In ya faskara, sai ɗakin tiyata.