Daga Tarkon Gafiya Zuwa Madatsar Kainji: Yadda Yaranmu Za Su Koyi Kimiyya Da Hannunsu

Duk manomin da ya taɓa ɗana wa gafiya tarko a bakin gona ya riga ya san wani babi na kimiyya, ko da bai taɓa shiga aji ba. Gafiya ta taɓa abincin da aka sa mata, ɗan tsinken da ya tokare ya goce, sandar da aka tanƙwaro ta miƙe da ƙarfi, igiya ta zarge. Abu huɗu ke nan suka faru a jere cikin ƙiftawar ido, kowanne ya ta da na gabansa, mai tarkon kuwa yana gida yana barcinsa.

A makarantun sakandare na ƙasashe da yawa, malaman fiziks sukan ba ɗalibai aiki irin wannan. Akan raba su rukuni-rukuni, a ce kowane rukuni ya haɗa na'urar da za a taɓa sau ɗaya tak, daga nan ta ci gaba da kanta, wannan ya ture wancan, wancan ya ja na gaba, har a kai ga wani ɗan aiki a ƙarshe, kamar buga ƙararrawa ko kunna tocila. Bari mu kira ta na'urar sarƙa, gama kowane mataki a harɗe yake da ɗan'uwansa. Abin da muke so mu nuna wa masu karatu, musamman iyaye da malamai na Warra, Yauri, Shanga da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, shi ne cewa wannan aiki bai fi ƙarfin yaranmu ba, kuma kusan babu yaran da darasin ya fi dacewa da su kamar su.

Asalin abin

Turawa suna kiran irin wannan na'ura da sunan wani Ba'amurke mai suna Rube Goldberg, wanda aka haifa a 1883 ya rasu a 1970. Ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Kalifoniya, amma ya bar aikin ya koma zanen barkwanci a jaridu. Ya yi suna da zana na'urori masu matakai barkatai waɗanda ƙarshensu ɗan ƙaramin aiki ne, kamar goge wa mutum baki bayan ya sha miya. Shi dai ba'a yake yi wa masu wahalar da kansu a kan abu mai sauƙi. Amma a 1949 ɗaliban injiniya na Jami'ar Purdue suka mai da ba'ar gasa, a 1988 kuma gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A 2012 wasu ɗaliban jami'ar suka haɗa na'ura mai matakai 300, aikinta kawai ta hura balan-balan ta fasa shi.

Sai dai dabarar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A 1206 wani injiniya mai suna Al-Jazari, wanda ya yi aiki a garin Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya bayyana wani agogo da ya ƙera da siffar giwa. A cikin giwar akwai tukunyar ruwa, a kan ruwan kuma akwai kwano mai ɗan huji a gindi. Ruwa yana shiga kwanon sannu a hankali, bayan rabin awa ya nutse. Nutsewarsa ta ja igiya, igiya ta saki ƙwallo daga sama, ƙwallon ya faɗa bakin wani maciji na ƙarfe, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, macijin ya jawo kwanon sama, mutum-mutumin da ke kan giwar kuma ya buga ƙarfe a ji lokaci ya yi. Yaron da ke da ƙwarya da ƙusa da bokitin ruwa zai iya gwada matakin farko na wannan agogo yau da yamma.

Abin da yaro yake koya

A ce ɗalibai biyar sun tara kayansu: kara, gwangwanin madara, tsohon bututu, ƙwallon boris, kwalayen ashana, igiya, ƙwarya, da ƙararrawar keke. Sai su jingina bututun a kan benci, su sa ƙwallon ya gangaro ta ciki ya bugi jerin kwalayen ashana da aka tsayar. Kwali na ƙarshe ya ture dutse ya faɗa cikin gwangwanin da ke rataye a gefe ɗaya na sanda, ɗaya gefen ya ɗaga, kamar yadda jigo yake yi a lambu. Ɗagawar ta saki ƙwarya mai huji a kan ruwa, in ta nutse ta ja igiya, ƙararrawa ta yi ƙara.

Mai kallo zai ce wasa ne. Amma a kowane mataki malami yana da tambayar da zai yi. Ina ƙwallon ya sami ƙarfin da ya bugi kwali da shi? Daga hannun yaron da ya ɗaga shi ya ɗora a saman bututu. Duk abin da aka ɗaga sama yana riƙe da ajiyar ƙarfi, in aka sake shi ajiyar ta zama gudu. Wannan ita ce babbar ƙa'idar da ake so ɗalibi ya gane: ƙarfi ba ya fitowa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Wanda ake ganin ya salwanta a hanya, gogayya ce ta mai da shi zafi da ƙara.

Ana iya auna abin da lissafi. Jarkar ruwa mai lita 20 da aka ɗaga mita 3 tana riƙe da ƙarfin da, in da ba a yi asarar komai ba, zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 na kusan minti ɗaya. Haka nan gangarowar ƙwallo tana da doka. Galileo, masanin ƙasar Italiya, ya gano ta wajen gangaro da ƙwallaye a kan katako fiye da shekara 400 da suka wuce: in ƙwallo ya ci taku 1 a daƙiƙar farko, zai ci 3 a ta biyu, 5 a ta uku. Ɗalibi zai iya gwada wannan da alli da agogon waya.

Jerin kwalayen ma yana da nasa darasi. A 1983 wani masanin fiziks a Kanada, Lorne Whitehead, ya nuna cewa ɗan katakon da aka tsayar zai iya ture wanda ya fi shi girma da rabi, shi ma ya ture wanda ya fi shi, har ɗan abu kamar farce ya kai ga kayar da wanda sai an sa hannu biyu a ɗaga. Ba ƙaramin ne ya yi ƙarfi ba. Kowane katako yana riƙe da ajiyar da aka ba shi sa'ad da aka tsayar da shi, turi kaɗan yake jira. Haka tarkon gafiya yake: ƙarfin na manomin da ya tanƙwaro sanda ne, gafiya sakinsa kawai ta yi.

Babbar sarƙa tana ƙofar gida

Yaran wasu wurare sai a littafi suke ganin misalin wannan ƙa'ida. Yaran bakin tafki kuwa da shi suka buɗe ido. An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara, wato Neja, a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, daga madatsar har wajen Yauri. An tsara ta da injuna 12, aka kafa 8, masu iya ba da megawat 760. Mutane fiye da 40,000 ne suka bar gidajensu da gonakinsu domin wannan aiki, tsohon garin Busa ya nutse, tsibirai da fadamun da Gungawa suke noman albasa a kansu ruwa ya cinye da yawa daga cikinsu. Akwai dattawan da har yanzu suna iya nuna inda garinsu yake a ƙarƙashin ruwa.

To, a bi sarƙar daga farko. Rana ta dafa ruwan teku ya tashi ya zama gajimare. Ruwan sama ya zuba a kan duwatsun ƙasar Gini. Ya gangaro ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ba ya isowa nan sai bayan watanni, cikin hunturu, sa'ad da damina ta daɗe da wucewa. Shi ne ake kira baƙin ruwa, domin ya zubar da lakarsa a hanya, saɓanin farin ruwa na daminarmu mai zuwa da laka. Madatsa ta tare shi ya taru ya yi tsawo, kamar jarkar nan da aka ɗaga. Aka buɗe masa hanya ya faɗo ya juya farfela, farfela ta juya janareta, janareta ya ba da wuta, taransfoma ta ɗaga ƙarfinta, waya ta kai ta birane. Ruwan nan kuma bai gama aiki ba, gama madatsar Jebba tana jiransa a gaba ya sake juya nata injunan.

Ɗalibin da ya haɗa tasa 'yar na'ura da kara da gwangwani, in ya dubi wannan, ba zai ƙara ganinsa kamar siddabarun Turawa ba. Kuma tun da kakanninsa ne suka biya kuɗin madatsar da gonakinsu, ai bai kamata rabonsa ya tsaya ga kallo ba. Injiniyoyin da za su kula da irin waɗannan injuna gobe, daga wani aji za su fito.

Inda sarƙa take tsinkewa

Duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan na'ura ya san ba ta aiki a gwajin farko. Ƙwallo zai kauce, igiya za ta saki, iska za ta kayar da kwali kafin lokacinsa. Lissafi ma ya nuna dalili. In kowane mataki yana aiki sau 9 cikin 10, na'ura mai matakai 10 za ta kai ƙarshe kusan sau 35 ne kawai cikin 100. In matakan sun kai 20, sai ta koma kusan sau 12. Saboda haka dole ɗalibai su gwada kowane mataki shi kaɗai, su rubuta abin da suka gani, su nemo inda aka sami matsala maimakon su ɗora wa juna laifi. Wannan hali na bin diddigi ya fi na'urar kanta daraja.

Ya fi ta daraja domin hatsari ma sarƙa ne. Mutanen Warra ba za su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin ruwan da ya taso daga jihar Neja ya nutse a kusa da garin, mutane masu yawa suka rasa rayukansu. Hukumomi sun ce jirgin ya tsufa kuma lodi ya yi masa yawa. Dokar da take nutsar da ƙwarya mai huji ita ce take nutsar da jirgi: yana iyo ne muddin nauyinsa da na kayansa bai wuce nauyin ruwan da zai iya turewa ba. Kowane buhu da aka ƙara yana kusantar da bakin jirgi ga ruwa, kowace ɓaraka a katako tana ƙara masa nauyi a ɓoye. Yaron da ya gwada wannan da tsakuwa a cikin ƙwarya, ya ƙirga ya ga inda ta nutse, in ya girma ya zama matuƙi ko mai lodi ko fasinja, zai san abin da idonsa yake gani.

Kira ga iyaye da malamai

Ba asiri ba ne cewa makarantun karkara da yawa ba su da isassun kayan gwaji, alhali jarrabawar fiziks ta WAEC da NECO tana da takardar gwaji da hannu, inda akan ce ɗalibi ya daidaita ma'auni a kan tsini, ko ya ƙirga lilon ƙarfen da aka rataya da zare. Yaron da haddar allo kawai ya sani, ranar nan hannunsa zai yi rawa. Na'urar sarƙa ba za ta maye gurbin ɗakin gwaji ba, hakkin gwamnati na samar da shi yana nan. Amma kafin ya zo, kayan wannan aiki suna zube a bayan gida da wurin mai gyaran keke. Makarantun da ke da ƙungiyar JETS ta matasan masu kimiyya suna da wurin farawa. Inda babu, malami ɗaya mai himma ya isa.

Malamai su kafa ƙa'ida tun farko: ban da wuta, ban da fetur, ban da wayar lantarkin gida, batirin tocila ya wadatar. A fara da matakai 5. A sa kowane ɗalibi ya bayyana nasa mataki da bakinsa, da Hausa ko da harshen gidansu kafin Turanci, gama wanda ya iya bayyana wa kakarsa abu shi ne ya gane shi. A kuma tabbata 'yan mata sun riƙe guduma da igiya, kada a bar su da riƙon littafin rubuta sakamako kaɗai.

Ku kuma iyaye, in kun ga yaro yana tara gwangwanaye yana ƙera motar kara ko ta langalanga, kada ku yi saurin cewa shiririta ce. Ku tambaye shi yadda take tafiya. Masunci ya nuna wa ɗansa dalilin da ya sa ake sa gora a saman taru da dalma a ƙasa. Mai lambu ya nuna masa abin da ya sa ake ɗaura nauyi a gindin jigo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gani ya kori ji. Allah ya ba yaranmu basira, ya ba mu haƙurin tsayawa mu kalli abin da hannunsu ya haɗa.