Kare katako daga man inji bayan gyaran ƙaramin jirgin sama mai rediyo

1. Gabatarwa

Da yawa daga ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga ƙasa ta hanyar rediyo, da katakon balsa ake ƙera su. Idan jirgi ya faɗi aka yi masa gyara, sau da yawa wurin gyaran yakan kasance tsirara, ba fenti ba leda. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa man inji yana ɓata irin wannan wuri ta hanya biyu mabambanta, kuma gyaran da ya magance guda ya bar ɗayar ba ya daɗewa.

2. Man da katakon

Injin da muke magana a kai shi ne mai buji mai zaren filatin, wanda Ray Arden ya fito da shi kasuwa a Amurka a 1947. Mansa haɗi ne na abu uku: metanol, wanda shi ne mafi yawa, nitrometan, galibi kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari, da man shafe inji, kimanin kashi 16 zuwa 20, wanda kan kasance man zurma ko na masana'anta.

Metanol da nitrometan masu narkarwa ne. Su ke cin fenti, kuma nitrometan yana narkar da gam mai saurin kamawa, wato siyanoakirilat. Shi kuwa man shafe inji, akasarinsa ba ya ƙonewa; ta bututun hayaƙi yake fita ya fantsama a jikin jirgi, ba ya kuma ƙafewa.

Balsa, wanda ƙasar Ekwado ke kan gaba wajen fitar da shi, nauyinsa bai wuce kilo 100 zuwa 200 ba a kowace mita kub. Wannan rashin nauyi daga yawan ƙofofin da ke cikinsa ne, saboda haka yana shan mai kamar soso, musamman ta bakin yanka. Katakon da ya sha mai yana laushi, yana ƙara nauyi, gam da leda ba sa kama shi. Wurin da ya fi haɗari shi ne allon da ake ɗaure inji a kai (cloison pare-feu). Idan haɗinsa ya saki alhali farfela na juyi fiye da 10.000 a minti, asarar ba ta tsayawa ga jirgin kaɗai, tana iya kaiwa ga mutanen da ke kusa.

3. Matakan aikin

Na farko, cire tsohon mai. Ana dama sitaci ko hoda da alkol, a shafa, a bari ya bushe, a kakkaɓe, a maimaita har hodar ta daina canza launi. Ɗumama wurin kaɗan yana fito da man sama a goge shi da takarda. Inda katakon ya jiƙe har ciki, yanke shi a sa sabo ya fi.

Na biyu, haɗa sassan da gam, a goge su su yi sumul. Dole haɗi ya riga shafi, domin gam ya fi kama katako tsirara.

Na uku, toshe ƙofofin katakon. Efoksi ne abin da aka fi dogara da shi, domin idan ya daskare ba ya narkewa a metanol ko nitrometan na wannan gwargwado. A zaɓi mai minti 30, ba mai minti 5 ba, don ya sami lokacin shiga ciki. A fara gauraya ɓangarorinsa biyu sosai, sannan a tsinka shi da ɗan alkol marar ruwa. Alkol na kashi 70 da ake sayarwa a kantin magani yana da ruwa da yawa, yana hana shi daskarewa yadda ya kamata. Efoksin da aka tsinka na shafi ne kawai, ƙarfinsa bai kai na haɗi ba. A shafa shi a allon inji, ɗakin tanki, ramukan kusoshi da duk bakin yanka. A yanayi mai zafi irin namu lokacin aiki yana raguwa ƙwarai, don haka a riƙa damawa kaɗan-kaɗan.

Na huɗu, rufe wurin da leda ko fenti. A ɗora ledar gaba a kan ta baya, don iska ta tura mai ya wuce bakin haɗin maimakon ya kutsa ƙarƙashinsa.

4. Sauran abubuwan shafi

Shafin nitrat (enduit nitrocellulosique) ba ya jure wannan mai. Na butirat yana jurewa gwargwado. Ana iya ɗora shi a kan nitrat, amma ba a ɗora nitrat a kansa. Foliyuretan mai tushen mai yana jure nitrometan kaɗan, muddin an bar shi kamar mako guda ya bushe.

Akwai kuma batun nauyi. Efoksi ya ninka balsa nauyi kusan sau bakwai. Shafi mai kauri a ɓangaren wutsiya yana mai da cibiyar nauyi baya, jirgi ya yi wuyar sarrafawa. Don haka shafi siriri ake so, kuma a sake auna daidaiton jirgin bayan kowane gyara.

5. Kammalawa

Tun daga shekarun 2000 injin lantarki mai batirin litiyom ya yaɗu, kuma jirgi mai irin wannan inji ba ya da wannan matsala. Ga mai injin metanol kuwa, tambaya biyu zai yi wa kowane abin shafi: shin mai zai narkar da shi, kuma shin ya toshe katakon? Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a shafa shi a guntun balsa, a bari ya bushe sarai, a ɗiga masa man da za a yi aiki da shi, a duba washegari kafin a taɓa jirgin.