Tsohuwar Katafila: Daga Dusar Ƙanƙara Zuwa Fadamar Rima

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, da wuya a ce bai ga katafila ba, ko tana tura ƙasa a bakin fadama, ko kuwa ta mutu an yar da ita gindin wata bishiya, akuyoyi suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Da yawa daga cikin injunan nan sun girmi direbobinsu. Wasu har yau suna aiki, wasu kuwa sun zama tarin ƙarfe. Ba shekaru ne suka bambanta su ba, kulawa ce. Wannan bayani zai nuna abin da ya sa katafila take tafiya a kan sarƙa, yadda injinta yake aiki, da abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya ce zai mallaki tsohuwa.

Me ya sa sarƙa ba taya ba?

Mu ɗauki misali da jaki da raƙumi. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma in suka shiga rairayi jaki ne yake nutsewa. Kofaton jaki ƙarami ne, nauyinsa yana taruwa wuri ɗaya. Tafin raƙumi kuwa mai faɗi ne, yana baza nauyin. Sarƙar katafila tafin raƙumi ce da aka ƙera da ƙarfe.

Ga lissafi ga ɗalibai. A ce katafila tana da nauyin kilo 10,000. Kowace sarƙa faɗinta santimita 40 ne, tsawon abin da yake taɓa ƙasa kuma santimita 200. In an haɗa sarƙoƙin biyu, filin da take takawa ya kai murabba'in santimita 16,000. Raba nauyin da filin, za ka ga kowane murabba'in santimita yana ɗauke da abin da bai kai kilo ɗaya ba, wajen 0.6. Tayar ƙaramar mota tana danna ƙasa da wajen kilo 2, ta babbar mota kuwa ta ninka haka. Shi ya sa mota take kafewa a taɓo, katafila ta zo ta ja ta.

Tun asali ƙasa mai laushi ce ta haifar da wannan dabara. A jihar Kalifoniya ta Amurka, manyan taraktoci masu aiki da tururi suna ta nutsewa a gonakin fadama. A 1904 wani mai ƙera injuna, Benjamin Holt, ya cire ƙafafun ɗaya daga ciki ya sa mata sarƙa, ta kuwa yi tafiyarta. An ce tafiyar ta yi kama da jan cikin tsutsa, wadda sunanta da Turanci ya zama sunan kamfanin Caterpillar da aka kafa a 1925. Daga nan Bahaushe ya samo kalmar katafila, har ya zamana kowace irin wannan mota, ko wane kamfani ya ƙera ta, haka muke kiran ta.

'Yan'uwanta na ƙasashen sanyi

A ƙasashen da dusar ƙanƙara take rufe hanya wata da watanni, matsalarsu ɗaya ce da ta mai shiga rairayi ko laka: ƙasa ba ta ɗaukar taya. Wani Bafaranshe mai suna Adolphe Kégresse, wanda yake kula da motocin Sarkin Rasha kafin 1917, ya sa wa motocin sarƙa mai lanƙwasuwa a baya don su bi ta kan dusa. Da ya koma gida, kamfanin Citroën ya karɓi dabarar ya gwada ta a hamada. Motoci 5 suka ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa Tumbutu cikin mako uku, daga Disamba 1922 zuwa Janairu 1923. A 1924 wasu 8 suka sake tasowa daga Aljeriya, suka ratsa Yamai da Damagaram. Ashe ke nan abin da aka ƙirƙiro domin dusar ƙanƙara ya taka ƙasar Hausa shekara ɗari da suka wuce.

A can ƙarshen duniya ta kudu akwai nahiyar Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe. A ranar 4 ga Janairu 1958 Sir Edmund Hillary ya isa tsakiyarta da ƙananan taraktocin noma na Ferguson da aka ɗaura wa sarƙa, wato kakannin jajayen taraktocin da muke gani a gonakinmu. A ƙarshen 1959 kuma Rashawa suka isa wurin da wasu manyan motoci masu sarƙa da injin dizal da ake kira Kharkovchanka, waɗanda faɗin sarƙarsu ya kai mita ɗaya, a cikinsu kuma har da wurin kwana.

Maƙiyin irin waɗannan motoci sanyi ne. In ya tsananta man gas yakan yi kauri ya toshe filta, batir ya rasa ƙarfi, sai an ɗumama inji kafin ya tashi. Mu a nan maƙiyanmu daban ne: zafi, ƙura, yashi da gurɓataccen mai.

Aikinta a gabashin Sakkwato

Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi a 1837, tana gefen gulbin Rima, an kuma san ta da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana kan gulbin Sakkwato. A Goronyo kuwa akwai babbar madatsar ruwa da aka gama a 1984, aka buɗe a 1992, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawonta kilomita 12 da rabi ne, tsayinta mita 21, kuma ƙasa aka tara aka danne aka yi ta. Irin wannan tudu ba ya taruwa da kwando da cebur. Manyan injuna ne suka yi shi.

Aikin bai ƙare da gama madatsa ba. Gonar rani tana bukatar a daidaita ta, in ba haka ba ruwa ya kwanta a gefe ɗaya shinkafa ta ruɓe, ɗaya gefen ya bushe. Magudanai suna cika da ƙasa, jinga tana zaizayewa. Ambaliyar watan Satumba 2010 ta ci garuruwa da gonaki a kwarin Rima, bayan irin wannan kuwa sai an gyara abin da ya ɓalle, an kwashe yashin da ya binne gona. In katafila ta mutu a watan da ake bukatarta, manomi ne yake rasa shekara. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, saboda haka tsofaffin nan su ne abin dogaro.

Yadda injin dizal yake aiki

Injin ya ci sunan Rudolf Diesel, Bajamushen da ya tayar da na farko mai aiki sosai a 1897. Caterpillar ta fara sa shi a taraktocinta a 1931. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi. Fistin yakan zuƙo iska zalla, ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin 16 na girmanta. Matsin nan yana sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai lokacin sai nozul ya fesa man gas kamar hazo, man ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa.

Saboda ƙarfin matsin, dole a ƙera injin da kauri, shi ya sa yake daɗewa, yake kuma da wuyar tayarwa. Tsofaffin katafila irin su D4 da D6 da D8 na da can suna da wani ɗan ƙaramin injin fetur a jikinsu. Shi ake fara tayarwa, ya juya babban har ya yi ɗumi, sannan a sakar masa mai. Ba su da sitiyari. Sanduna biyu ne a gaban direba da birki biyu: in ya ja ta hagu, sarƙar hagu ta daina ja, motar ta karkata hagu.

Abubuwa biyar da suke kashe ta

Na farko ƙura. Inji yana shaƙar iska mai ɗimbin yawa, kuma ƙurar hunturu in ta shiga ciki kamar dutsen wasa take, tana cin fistin da silinda. Tsofaffin injuna suna da tukunyar mai a ƙasan matatar iska, wadda ƙura take maƙalewa a ciki. A lokacin hazo kullum ake duba ta, a wanke, a zuba sabon mai.

Na biyu ruwa da datti a cikin man gas. Ƙofofin nozul sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya tana iya ɓata su, gyaran famfon mai kuwa yana cikin mafi tsada. A bar mai ya kwana a duro kafin a ɗiba, kada a ɗebo na gindi. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada raɓa ta taru a ciki, da safe kuma a buɗe ƙasan tankin a zubar da ruwan da ya kwanta. Kada a bari mai ya ƙare ƙarƙaf, domin iska za ta shiga bututu, sai an fitar da ita kafin inji ya sake tashi.

Na uku zafi. A bazara zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Ƙaiƙayi da ciyawa suna toshe fuskar lagireto, ruwan gulbi mai laka kuma yana toshe cikinsa. A zuba ruwa mai tsabta, a fara aiki da sassafe, a huta da tsakar rana. Kafin a kashe inji a bar shi ya yi ta juyawa a hankali na 'yan mintoci.

Na huɗu tsohon man juye. A yawancin irin waɗannan injuna bayan kamar awa 250 na aiki ake juye, tare da canza filta. Awa ake ƙirgawa ba kilomita ba, don haka a ajiye littafi a riƙa rubutawa.

Na biyar yashi a cikin sarƙa. Sarƙa da ƙafafun da take gudu a kansu suna iya cin rabin kuɗin gyaran motar duka. In an ɗaure ta tamau tana saurin cinyewa, in ta yi sako-sako kuma tana zamewa. A kankare laka kullum kafin ta bushe, a sa giris inda ya kamata, a rage gudu da baya da juyi a wuri ɗaya. Kada a tuƙa ta tafiya mai nisa ko a kan kwalta: sarƙa za ta ci, kwalta ta farfashe. Tirela ake ɗora ta.

Kafin a saya

Araha ba ta ado. Mai son sayen tsohuwar katafila ya tafi da makanike, kuma ya ce a tayar da ita da safe tun inji yana da sanyi, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. A dubi hayaƙi: baƙi alamar mai ya yi yawa ko iska ta kasa, shuɗi alamar tana ƙona man juye, fari wanda ba ya ɗaukewa kuwa yana iya nuna ruwa yana shiga silinda. A duba haƙoran ƙafar da take jan sarƙa, in sun yi tsini sun cinye. A rubuta lambar da take jikin inji, da ita ake neman kayan gyara. A kuma tambaya ko ana samun su a Sakkwato ko Kano, domin motar da za ta yi wata uku tana jiran ƙarfe ɗaya ba ta da amfani ga kowa.

Sannan a yi lissafi da gaskiya. Bayan kuɗin saye akwai mai, da albashin direba, da hayar tirela, da abin da za a riƙa warewa daga kowace awa ta haya domin ranar babban gyara. Wanda ya cinye kuɗin haya duka, ranar da sarƙa ta tsinke ita ce ranar da motar za ta koma inuwar akuyoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa ya fi sauƙi ƙungiyar manoma ta mallake ta, da direba ɗaya tsayayye da littafi ɗaya.

Gargaɗi ga ɗalibai

Direban katafila ba ya ganin abin da yake kusa da sarƙa, ba ya kuma jin kira saboda ƙara. Kada kowa ya ɗare ta tana tafiya, ko ya tsaya a bayanta kallo. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. In an tsaya, a sauke cebur ɗinta har ƙasa.

Masu karatun kimiyya da aikin gona su lura cewa darasin matsi da na zafi da ake yi a aji, su ne suke tafiya a kan sarƙa a bakin gulbi. Injunan nan suna nan, amma masu hannun gyara su suna tsufa. Fadamar Rima tana bukatar samari da 'yan mata da za su iya karanta littafin inji, su kuma yarda hannunsu ya yi baƙi. Da tsohuwar zuma ake magani, in an sami wanda ya iya adana ta.