KEKEN TSAYE MAI BATIR: AMFANINSA DA AIBINSA

A manyan biranen Turai akwai wani ƙaramin abin hawa da ya yaɗu. Faransawa suna ce masa "trottinette". Ƙafa biyu gare shi, ƙanana. Tsakaninsu akwai faranti inda mutum yake tsayawa. A gaba akwai sanda mai mariƙi kamar na keke. Ba shi da sirdi, a tsaye ake tuƙa shi.

Yaya yake tafiya?

Ba ya shan mai. Batir ne a ƙarƙashin farantin, ƙaramin inji kuma a cikin ƙafa ɗaya. Ana jona batir ɗin ga wutar lantarki ta gida. Cikin awa 4 zuwa 8 ya cika. Da cikawa ɗaya, galibinsu suna yin kilomita 20 zuwa 40. Nauyin keken bai cika wuce kilo 20 ba. Ana naɗe shi a shiga da shi ɗaki ko wurin aiki.

Amfaninsa

Ma'aikacin da gidansa bai yi nisa da wurin aiki ba yana samun sauƙi. Ba ya sayen mai, ba ya jiran mota. Ba hayaƙi, ba ƙara. Wutar da keken yake sha kaɗan ce.

Aibinsa

Ƙafafunsa ƙanana ne. Kwalta mai kyau suke so. In sun faɗa rami ko sun ci karo da dutse, mai tuƙi zai faɗi. A cikin rairayi ba sa tafiya. Keken ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar mutum biyu. Zafin rana mai tsanani yana rage kwanan batir. Batir da ya lalace yana iya kama wuta. Shi ya sa a watan Disamba na 2021 birnin Landan ya hana shiga da waɗannan kekuna cikin motocin safa da jiragen ƙasa na birnin.

Abin da ya faru a Paris

A 2018 kamfanoni suka fara zuba kekunan haya a titunan Paris. Mutum ya biya ta wayar hannu, ya hau, ya ajiye inda ya ga dama. Sai aka dinga yar da su kan hanyar masu tafiya ƙasa. Tsofaffi da makafi suka sha wahala. Haɗari ya yawaita.

A 2019 gwamnatin Faransa ta kafa doka: kada gudu ya wuce kilomita 25 a awa, kada a yi goyo, kada a bi hanyar masu tafiya ƙasa. Wanda ya bi ta, tararsa yuro 135, wajen jika 88 da rabi na sefa. A 2023 aka hana yaro da bai kai shekara 14 ba hawa.

Ranar 2 ga Afirilu 2023 magajiyar gari Anne Hidalgo ta kira mutanen Paris ƙuri'a. Mutum wajen 103.000 suka fito. Kusan 9 cikin 10 suka ce ba sa son kekunan haya. Daga 1 ga Satumba 2023 aka kwashe duka 15.000. Amma wanda ya sayi nasa da kuɗinsa ba a hana shi hawa ba.

Wa ya dace ya saya?

Keken tsaye yana da amfani inda abu uku suka haɗu: kwalta mai kyau, wuta da ba ta yawan ɗaukewa, da tafiya gajera ba kaya. Inda ɗaya ya rasa, keken ƙarfe ko amalanke sun fi shi. Mai hawa ya sa hular kwano, ya duba birki, kuma kada ya bar batir jone da wuta ya kwanta barci.