Tsingaron Da Yaronki Ya Tsinto A Kufai

Uwar gida, in yaronki ya shigo da fasasshiyar tukunya ko tsohon dutsen wuya da ya tsinto a gona, me kike ce masa? Na san amsar: "Kai, fitar min da tarkacen nan!" Ni ma haka nake cewa a da.

Abin da ya sa na sake tunani labarin wasu 'yan ƙasar Sin ne. Bayan an gano zinare a Kalifoniya ta Amurka a 1848, dubbansu suka tafi can neman arziki, suka kafa unguwanninsu. A 1887 aka cinna wa unguwarsu ta birnin San Jose wuta, ta ƙone ƙurmus. Sai bayan kusan shekara 100, ana haƙa harsashin gini, aka ci karo da kayansu: kwanonin tangaran na cin shinkafa, tuluna, buroshin goge haƙori, kayan wasan yara da 'yan kwalaben magani. Kwalaben nan su suka fi tsaya min a rai, wataƙila don aikina ne. Kowace kwalba dai wani ne ya kwana da ciwo, wani kuma ya zauna jinyarsa. Jaridun lokacin ba su damu da wannan ba, bolarsu ce ta ba da labari.

To mu fa? A nan jihar Kaduna masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928. Wani kan da aka samu wajen Jama'a a 1943, sai da aka kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin Bernard Fagg ya gane darajarsa. Kayan nan sun haura shekara 2,000.

Yau ga Birnin Gwari. Ramukan zinare sun cika daji, kuma mai haƙa ba ya tsayawa kallon tukunya. In ba ta ƙyalli, diga ce rabonta. Ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar, inda mata suka gudu suka bar dutsen niƙa, randa da murhu a inda suke. Na yi jinyar wata dattijuwa daga irin ƙauyukan nan. Ba hatsin da ta bari take yawan ambato ba, tukunyar kakarta ce.

In an kawo miki irin wannan, kada ki kankare shi, kada ki ba dillali, don doka ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Ɗauki hotonsa da wayarki, ki tambayi ainihin inda aka same shi ki rubuta, domin masana sun fi buƙatar wurin a kan kayan. Sannan a sanar da mai unguwa ko gidan adana kayan tarihi na Kaduna.

Amma ki ji ni a matsayin ma'aikaciyar jinya: in daga ramin zinare ya fito, kada ya shiga ɗaki, kada yaro ya sa shi a baki. Ƙurar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta kuma kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyarmu, a 2015. Ki ƙulle shi a leda, ki wanke wa yaron hannu da sabulu.